Amshin da Ya Kusa Mayar da Ni Gida

Tsufa ya fara yi mini sata. Shekaranjiya na nemi tabarau har na zargi mutanen gida, ashe yana bisa goshina. Amma akwai abu guda da ko tsufa ya zo da 'yan dako ba zai fitar da shi daga kaina ba, shi ne ranar da na rera wa wani baƙo waƙa a Doha don in girmama shi, waƙar ta kusa sa a ɗaure mini kayana a raka ni filin jirgi.

Bari in fara faɗa muku matsayina a fagen waƙa, don kada ku ɗauka shisshigi na yi. Mahaifina ɗan amshi ne, ya yi shekaru yana bin wani makaɗin kalangu kasuwa-kasuwa a ƙasar Zamfara. Ni ban gaji muryar ba, kunnen na gada. Ko da yaren aljanu aka yi waƙa, in na ji ta sau uku zan maimaita maka ita. Bokona kuwa a aji huɗu ya tsaya, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, malamin ne ya gaza da ni. Daga nan na kama sitiyari, shi ya yi ta yawo da ni har ya ajiye ni a wani kamfanin motocin ɗaukar baƙi a Doha. Amma akwai tarbiyya guda da na fito da ita daga gidanmu: baƙo mai daraja ba a barinsa haka kawai. Sai ka ɗauki waƙar wani babban mutum, ka zare sunan mai ita, ka ɗora na baƙon. A wurinmu wannan ya fi a yanka wa mutum kaza.

Waƙar da nake magana a kai, tsintarta na yi. Ana gab da rufe hanyoyi saboda korona, na kai wani injiniya ɗan Meksiko filin jirgi na Hamad. Yana ta sauri kada jirgi ya bar shi, ya manta memorinsa a jikin rediyon motata. Ban sake ganinsa ba. Aka shiga kulle, aka jibge mu a masaukinmu na kusa da Asian Town, ba fita ba aiki, daga cin shinkafa sai kallon silin. Na sa memorin a wayata. Waƙoƙi ne da yawa, amma guda ɗaya ce ta kama ni. Tana farawa da ƙarar bindiga sau uku. Sai wani abin kiɗa ya shigo, irin wanda ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera, sai wani ƙaton ƙaho yana gurnani a ƙasa kamar bajimin sa. Sannan mawaƙin ya ɗauko labari tiryan-tiryan, kowane baiti sai ya dire a kan suna ɗaya.

Na zauna na yi nazari irin na masana. Harbi a farkon waƙa, suna ɗaya ana ta nanatawa, murya cike da taƙama. Na ce ai wannan ba ya buƙatar tafinta, waƙar sarkin maharba ce. Wani jarumi ne da ya kashe zakin da ya addabi gari.

A ɗakinmu akwai wani abokina ɗan Zangon Kumasi, mai gadi ne a filin jirgi, Turanci a bakinsa kamar ruwan famfo. Hausarsa ce dai sai a hankali, ba ta san mace ba, uwarsa ma “ya ce” take. Zan riƙa gyara muku ita a nan don kada ku rikice. Wata rana ya ga na kifa bokiti ina kaɗawa ina rerawa, ya ce, “Tsoho, ka san abin da mutumin nan yake faɗa kuwa?”

Na ce, “Kunnena ya sani.”

“Ni bakinka nake ji wa tsoro, ba kunnenka ba.”

Na ce, “Kai da kakanka ya bar Kano da goro ya manta hanyar gida, kai za ka koya mini waƙa?”

Kafin a buɗe gari na haddace ta tsaf. Babu wanda ban ɗora sunansa a ciki ba a ɗakin nan, har da mai dafa mana abinci.

Shekara ta juyo, wata ta bi bayanta, gasar cin kofin duniya ta zo. Doha ta cika ta batse. Kwana biyu kafin baƙi su fara sauka, mudir ɗinmu, wato shugaban direbobi, ya kira ni gefe. Ya ce shekaruna sun ja, takardar zamana kuma ta kusa ƙarewa, kafil, wato mai kamfanin da ke ɗaukar nauyin zamanmu a ƙasar, ba ya son sabunta wa tsofaffi. In na gama gasar nan ba ƙorafi ko ɗaya, zai sa baki a ƙara mini shekara. In aka kawo ƙara guda, khalas, wato tawa ta ƙare. Ni kuwa shekarar nan nake nema ido rufe, don autata saura mata shekara ɗaya ta gama makarantar ungozoma, aikin nan ne kuma yake riƙe da ita. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, baƙin da duk aka ba ni sai sun yi kukan rabuwa da ni. To, an yi kukan, sai dai ba irin wanda na nufa ba.

Aka haɗa ni da wani dattijo ɗan Meksiko da 'yarsa, na tsawon kwana goma. Sun kama gida a Al-Sadd. Dattijon tsohon malamin makaranta ne, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, mutum mai sanyin hali, kullum sai ya ba ni hannu kafin ya shiga mota. 'Yar tasa za ta yi shekara talatin da wani abu, ita ta kawo shi kallon ƙwallo, ita ce kuma mai jin Turanci. Da na ga sunan ƙasarsu a takarda sai na ce Allah mai iko, ashe kullen nan karatu aka tura ni. Sunan dattijon kuma gaɓa uku ne, daidai da na mai waƙar, kamar an auna.

Na daure kwana biyu, don ba a fara yi wa baƙo waƙa tun bai sha ruwa ba. A rana ta uku da hantsi na ɗauko su zan kai su kasuwa. Muka tsaya a danja. Na gyara murya, na buga sitiyari sau uku a madadin bindigar, na ɗauko waƙa. Da na iso wurin suna, na ɗora na dattijon, na ja shi sosai, har da waiwayowa ina murmushi ina jiran a yaba.

Dattijon ya zama kamar an zare masa jini. Ya ƙura mini ido, bakinsa a buɗe. Ni kuwa da yake a wurinmu in waƙa ta ratsa mutum jikinsa yakan mutu, sai na ɗauka ta kama shi ne, na ƙara murya na shiga baiti na biyu. 'Yar ta daka mini tsawa da Turancin da ko ɗan aji huɗu zai gane: in tsaya, in buɗe ƙofa. Na gangara gefen titi. Ta fizgo ubanta, ta ɗauki hoton lambar motata da fuskata, ta tare tasi suka shige. Suka bar ni da rabin baiti a baki.

Kafin azahar mudir ya kira ni ofis. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce matar ta rubuto cewa direbansu ya yi wa mahaifinta barazanar kisa, tana kuma so a binciki wanda ya turo shi. Na ce kisa? Ni da ko kaza sai na kai wa maƙwabci ya yanka mini? Ya miƙo hannu ya karɓi makulli. Ya ce gobe da yamma zai miƙa maganar ga kafil, daga nan kuma ba mamaki ta kai ga 'yan sanda. Abin da zai hana kawai shi ne ita da kanta ta janye.

Na koma masauki na zauna bakin gado. Ɗan Zango ya dawo daga aiki na zayyana masa. Ya dube ni ya ce, “Tsoho, zakin ya cinye ka.”

Na ce, “In ba'a za ka yi, jira sai na hau jirgi.”

Ya ce, “Ba inda za ka. Gobe ina hutu. Ka sa babbar rigarka, mu je ka durƙusa.”

Washegari da safe muka hau bas zuwa Al-Sadd. Ni da na saba zama gaban mota, ga ni a tsaye ina riƙe da ƙarfe, babbar riga tana sharar ƙafafun mutane. Muka ƙwanƙwasa. 'Yar ta buɗe ƙofa iyakar tsawon sarƙa, wayarta a hannu, ta ce minti ɗaya ta ba mu kafin ta kira 'yan sanda. Ɗan Zango ya nuna mata katin aikinsa, ya fara bayanin al'adarmu ta ɗora suna. Ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce tambaya ɗaya gare ta: wa ya ba ni wannan waƙa, wa kuma ya ce in sa sunan ubanta?

Sai ya zaro wayarsa ya miƙa mata ta kafar ƙofa. Ashe munafukin ya ɗauke ni bidiyo lokacin kulle ban sani ba. Ga ni nan da singileti da zani, takunkumi a haɓa, bokiti tsakanin cinyoyi, ina zuba waƙar da sunan mai dafa abinci, shi kuma yana taka rawa da ludayi. Na so ƙasa ta tsage. Amma wulaƙancin nan shi ya buɗe mana ƙofa, don dattijon ya leƙo ta bayan 'yarsa ya kalla, ya sake kalla, sai ya fashe da dariya har da riƙe bango. Ya faɗi wata magana, 'yar ta juya ta Turanci ba da son ranta ba, ɗan Zango ya juyo mini.

“Wai in har kai suka turo, to lallai karayar arziki ta same su. Wai rabin kalmomin ma ba yarensu ba ne, kai ka ƙirƙiro abinka.”

Na ce, “Faɗa masa salo ne.”

“Ba zan faɗa ba. Shiga ka yi shiru.”

Muka zauna a falo. Na sauka ƙasa na ba da haƙuri yadda ake yi, dattijon ya kama kafaɗata ya tashe ni. Ita dai 'yar ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta janye ƙara, amma da sharaɗi guda. Tun da na shekara biyu ina rera abin da ban sani ba, yau sai na zauna na ji shi daga farko har ƙarshe. Kuma duk inda sunan mai waƙar ya fito, nawa za a sa, yadda na yi wa ubanta. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. A raina har ina cewa yau ni ma za a wasa ni.

Ta kunna waƙar a wayata, tana tsayar da ita baiti-baiti. Ita ta juya ta Turanci, ɗan Zango ya juya ta Hausa. Zan sa “Wane” a nan, amma ku sani sunana ne ake kira, wanda aka raɗa mini aka yanka rago.

Wane an haife shi a gidan da ba ko ƙofa, ya yi kiwon awaki ba takalmi. Na gyaɗa kai, don wannan kam ba a yi mini ƙarya ba. Wane ya gaji da yunwa, ya hau dutse ya koyi sana'ar farin gari. Na ce fulawa? Ɗan Zango ya ce, “Hodar iblis, Tsoho.” Yau kayan Wane suna ƙetare iyaka ba mai buɗe buhu, masu kaki suna cire masa hula. Wane ya gina asibiti, ya yi wa coci rufi, ba marayan da ke kwana da yunwa a garin Wane. Sai aka iso amshin, wurin da na fi ƙauna, wurin da nake jan murya ina lumshe ido. Ɗan Zango ya ƙi juyo mini shi, sai da matar ta ce ya faɗa. Ya faɗa yana kallon ƙasa: waɗanda suka yi magana, Wane ya aika musu da mota, har yau iyayensu mata suna neman inda za su kai fure.

Amshin nan sau huɗu yake zuwa a waƙar. Sau huɗu ta sa aka maimaita mini shi da sunana, ba ta rage ko ɗaya ba. A na uku na ji babbar rigar ta yi mini nauyi.

Da aka gama, dattijon ya yi magana a hankali, ana juyo mini. Ya ce mai waƙar ba baƙonsu ba ne, a garinsu yake mulki, har shi dattijon ya taɓa koyar da ƙannen mutumin a aji. Ɗansa namiji, ƙanen wannan 'yar, ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ya kuma faɗa a inda bai kamata ba. Wata safiya ya fita sayen burodi, shi ke nan. Da dattijon ya fara zirga-zirgar tambaya, sai wata mota ta zo ta tsaya a ƙofar gidansu, gilashi a rufe, wannan waƙa tana tashi. Kwana uku tana zuwa. Ba wanda ya fito daga ciki, ba wanda ya ce musu uffan. A rana ta huɗu suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka bar garin. Shekaru suka wuce, suka ƙetaro rabin duniya don ya ga ƙwallo ya huta, sai ga waƙar a cikin mota, da sunansa a ciki.

Na ce Allah ya tsine wa maƙaryacin mawaƙi. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce ai babu ƙarya ko ɗaya a ciki, da ƙarya ce da ba ta yi tasiri ba. Asibitin yana nan, a can aka yi wa matarsa aiki. Rufin cocin ma yana nan. Yaran da ya koyar sun fi haddace waƙar nan a kan karatunsa, don ita ce take faɗa musu cewa mai kiwon awaki zai iya zama wanda ake cire wa hula. Ya ce, “Abin da ba ta da shi kawai, wurin sa sunan ɗana. Shi yana cikin waɗanda suka yi magana.”

Sannan ya tambaye ni ko a ƙasarmu akwai irin wannan.

Har na buɗe baki zan ce Allah ya kiyaye, mu sarakai da manoma da 'yan dambe muke yi wa waƙa. Sai na tuna wata ranar kasuwa ina yaro, maigidan babana yana wasa wani shahararren ɓarawon shanu, yana lissafa garken da ya kora, babana yana amshi, mu muna tsalle. A gefen taron akwai wani Bafulatani tsaye ya jingina da sandarsa, bai yi rawa ba, bai kuma tafi ba. Shekara hamsin ban taɓa tambayar kaina abin da ya tsayar da shi ba. Na kuma tuna waƙoƙin da ake turo mana yanzu a waya daga gida, na mutanen daji masu bindiga, waɗanda saboda su gonar gidanmu ta shekara ba a noma ba. Har a ɗakinmu an sha kunna su, ana cewa ai kiɗan ne da daɗi.

Na ce wa ɗan Zango, “Ce masa akwai.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Sauran ya sani.”

A gabanmu 'yar ta rubuta wa kamfani cewa rashin fahimta ne, ta janye maganar barazana. Amma ta ƙara da cewa a canza musu direba. Ta dube ni ta ce ta yarda ba ni da mugun nufi, sai dai ba za ta iya sake zama a bayan ƙeyata ba. Ban ga laifinta ba. Dattijon ya raka mu har bakin lifta ya ba ni hannu. Ban sake ganinsu ba.

Mudir ya karanta saƙon sau biyu, ya jefo mini makulli, amma ba na motata ba. Ya mayar da ni bas ɗin da ke kai masu shara filin jirgi, inda ba baƙon da zan girmama. Ya ce, “Yalla. In na ji ko tari ka yi da kari, khalas.” Haka na ƙare gasar ina tuƙi baki a rufe kamar mai azumin magana. Ba ƙara a kaina a rubuce, don haka ya cika alkawari, aka ƙara mini shekarar. Autata ta gama, yanzu ita ke karɓar haihuwa a asibitin garinmu, ni kuma na dawo gida da ƙafata, ba a rako ni ba.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, ku kuwa ga shi kyauta. Waƙar mai ƙarfi ba ƙarya take yi ba, rabi take faɗa, ta kuma faɗe shi da daɗin da zai hana ka neman ɗaya rabin. Mawaƙi ya san wanda ya ba shi, bai san wanda aka ƙwace wa ba. Shi ko yana da hujja, ciki ne ko tsoro. Ɗan amshi shi ne abin tausayi, don shi ke kai waƙar inda mai ita bai taɓa takawa ba, a kyauta, yana murmushi. Har gobe ina son kiɗa, ƙafata ma takan riga ni yanke shawara. Amma yanzu in na ji ana wasa wani ana cewa ba a ja da shi, kafin in buɗe baki nakan tambaya: su waɗanda suka ja da shi ɗin, ina suke, kuma wa ke cikin taron nan da ya san sunansu?